ZARE: Kafin a yanka fuloti a Gaya da Ajingi, a fara yanka wa ruwa hanyarsa

1/ Jama'ar Gaya, Ajingi da kewaye, ku matso kusa, yau maganar fili za mu yi. Matsayata a taƙaice: duk wanda zai yanka gona ya mayar da ita fulotai, a tilasta masa fitar da hanyar ruwa KAFIN ya sayar da ko da fuloti ɗaya. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe.

2/ Kowa ya san yadda ake yi. Magada sun raba gona, ko mai ita ya matsu. Dillali ya zo da igiya da turaku, a auna 50 da 50, a bar ɗan lungun da da ƙyar Adaidaita zai juya, a dasa bulo a kowace kusurwa. Mai unguwa ya sa hannu, a raba la'ada, a watse. Awon igiya kenan.

3/ Kuma yawancin cinikin nan da rani ake yin sa. Fabrairu ko Maris, ƙasa ta bushe ƙamas, ko'ina a shafe kamar faranti. Mai saye zai tambayi gabas, ya tambayi titi, ya tambayi turken wuta. Tambaya ɗaya ce ba a yi: in an yi ruwa a Agusta, ta ina yake bi?

4/ Me ya sa yanzu? Saboda Gaya girma take yi. Hanyar Wudil zuwa Dutse ta ratsa ta. A 2019 ta zama hedikwatar masarauta, a 2024 aka rushe, aka kuma dawo da ita a daraja ta biyu, da Gaya, Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Gonakin bakin gari kullum komawa gidaje suke yi.

5/ Bari mu fara rarrabewa, don mutanenmu suna haɗa abu biyu su kira su da suna ɗaya. Ambaliya iri biyu ce ke damun yankinmu. Akwai ta kogi, wadda ke zuwa daga nesa. Akwai ta cikin unguwa, wadda ruwan da ya zuba a kan rufinmu ke haifarwa. Kowacce da maganinta.

6/ Ta kogi tukuna. Kogin Kano, mai madatsar Tiga ta 1974, da Kogin Challawa, mai madatsar da aka gama a 1992, suna haɗuwa kafin Wudil. Daga nan ruwan ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗejia. Wato ruwan da aka yi can kudancin Kano, a ƙofarmu yake wucewa.

7/ Shi ya sa za ka ga sama garau a Ajingi, ko yayyafi babu, amma fadama tana cikowa. Dattawa ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba. Ba su manta da 2001 ba, da ruwan Tiga da Challawa ya yi ɓarna a Kano da Jigawa.

8/ Na 2022 kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. A faɗin Najeriya mutum sama da 600 suka rasu, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Maƙwabtanmu na Ringim sun ɗanɗana kuɗarsu. Mu ma a ƙasar Ajingi gidaje sun zube, an rasa rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

9/ Maganin wannan nau'in ɗaya ne, kuma ba daɗin ji: kar a yanka fuloti a inda kogi ke kwanciya in ya cika. Babu kwatar da za ka gina ta hana kogi shiga fadamarsa. Fadama ta shinkafa ce da rake da kayan lambu. Ka sa mata ɗakin kwana, wata rana kogi zai zo karɓar haya.

10/ Dillali zai ce maka: "Haba Alhaji, rabon da ruwa ya zo nan shekara 20." Ga amsarsa. A Amurka suna zana taswirar wurin da suke kira na ambaliyar shekara 100. Ma'anarsa: a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ruwa ya kai wurin. Kamar ƙarami ko?

11/ To lissafa shi a shekara 30 na zaman gida, sai ya zama kusan kashi 26 cikin 100. Wato gida ɗaya cikin huɗu. Wannan fa wurin da ake ganin da wuya ruwa ya je kenan. Ina ga wurin da ya je shekara 20 da suka wuce, da idon mutane? Gida ai na 'ya'ya da jikoki ake ginawa.

12/ Yanzu nau'i na biyu, wanda ya fi shafar cikin garin Gaya da duk garin da ke kan tudu. Mutane na cewa "mu ai ba mu da kogi". Gaskiya ne. Amma unguwa tana iya ƙera ambaliyarta da hannunta. Ku ɗauko biro mu yi lissafi, ba shi da wuya.

13/ Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ne cif. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 kusan murabba'in mita 232 ne. In an yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Agusta, lita 11,600 ta sauka a fulotinka kaɗai. Duro 58 kenan.

14/ A ce unguwar fuloti 200 ce, da lungunanta ta kai hekta 6. Wannan ruwan na dare ɗaya lita miliyan 3 ne. In kana son ka gan shi da ido, jera tankar mai irin mai lita 33,000 guda 90 a bakin titi. Duk wannan dole ya samu wurin zuwa kafin asuba.

15/ Lokacin da wurin yake gona, jigawa ce da kunya-kunya da gero a tsaye. Ƙasa ta shanye mafi yawa, abin da ke gangarawa bai fi kashi 2 cikin 10 ba. Kwano da daɓen siminti kuwa ba sa shan komai, kusan kashi 9 cikin 10 suke turowa waje ta indararo.

16/ In ka haɗa rufi da tsakar gida da lungun da ƙafa ta daddale, unguwar da ta cika za ta turo kamar kashi 6 cikin 10. Daga tanka 18 an koma tanka 54. Ƙarin tanka 36 kenan, a ruwa ɗaya, daga wurin da a da ba ya damun kowa. Kuma cikin sauri yake zuwa, lokaci guda.

17/ Tambayata ga mai yanka fili: tanka 36 ɗin nan, gidan wa ka tanadar musu? Don ruwa ba ya ɓacewa saboda ba a saka shi a takardar ciniki ba. Zai gangara, kuma wanda ke ƙasa shi zai karɓa. Sau da yawa tsohuwar unguwa ce mai ginin ƙasa, wadda ba ta ci ko sisi a cinikin ba.

18/ Ginin ƙasa kuma ba sai ruwa ya kai ƙugu yake faɗuwa ba. Ya isa ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu, ƙasar ta jiƙe ta saki, nauyin sama ya danno. Shi ya sa ake yawan jin "gini ya faɗo musu cikin dare" bayan ruwan ma ya ɗauke. Yara da tsofaffi ke ciki.

19/ Bayan rushewa akwai abin da ba a cika faɗa ba: masai. Ruwa ya kwanta a unguwa, ya cika ramin masai, ya tumbatso, ya gangara rijiyar da ba ta da murfi. Sati ɗaya sai ka ji amai da gudawa ya ɓulla. Ga sauro ya samu gida. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kwata, a kemis ake kashe shi.

20/ Sai kuma gasar ciko. Mai hali ya kawo tifa goma ya ɗaga gidansa. Na kusa da shi ya ga ruwa ya dawo kansa, shi ma ya ciwo bashi ya ɗaga nasa. A ƙarshe gidan da ya rage a ƙasa, na wanda ba shi da kuɗin tifa, shi ya zama kududdufin unguwa. Kowa ya san irin gidan nan.

21/ Daga nan zumunci ya lalace. Wannan ya toshe kwata da buhun yashi, wancan ya fasa cikin dare. A tafi gaban mai unguwa, a wuce wurin dagaci, wani lokacin har kotu. Mutanen da ke sahu ɗaya a masallaci sun daina gaisawa. Shi kuwa wanda ya yanka filin yana can yana auna wata gonar.

22/ Ku lura da hikimar iyayenmu. Tsohon gari a ƙasar Hausa da kududdufinsa yake tashi. Inda aka haƙi ƙasar gini, nan ruwan unguwa ke taruwa da damina, ya nitse a hankali, rijiyoyi su samu. Ba injiniya suka ɗauko ba, amma kowace unguwa ta san inda ruwanta ke kwana.

23/ Mu kuma me muka yi? Da fili ya yi daraja, sai aka mayar da kududdufi juji, in ya cika da shara a zuba masa ƙasa, a yanka, a sayar. An toshe tukunya, an ƙara yawan ruwan da ake zubowa, sannan ana mamaki wai ruwan bana ya yi yawa. Ruwa ba ya tsami banza.

24/ Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanyar, ya shiga mota ya je Kano. Kududdufai nawa aka cike aka gine a cikin birni? A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dukiyar da ta sa manyan 'yan kasuwa kuka, aka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka dasa a kan hanyar ruwa.

25/ Je ka shataletalen Baban Gwari ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Je ka Bulbula da Gayawa ka ga yadda ruwan unguwanni ya haƙa kwazazzabo yana cin gidaje. Gyaran irin waɗannan yanzu sai biliyoyi, sai rusau, sai diyya, sai kuka. Da an bar hanyar tun wurin yana gona, da igiya kawai za a matsar.

26/ Wannan ita ce damar da Gaya da Ajingi ke da ita wadda Kano ta riga ta rasa. Yawancin inda garuruwanmu za su faɗaɗa nan da shekara 20, yau dawa ce a kai. Tun ran gini ran zane. Layin da aka ja a gona yau, kyauta ne. In an gine shi, sai da katafila.

27/ To me nake nema takamaimai? Sharuɗɗa bakwai kafin a amince da kowane sabon yanka, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa ko na magada. Ba wani abu ne daga sama ba, ƙananan garuruwa a ƙasashe da yawa da irinsu suke aiki.

28/ NA ƊAYA: a san tarihin wurin. Kafin awo, a tara manoman da ke maƙwabtaka da gonar da dattawan wurin, su nuna iya inda ruwa ya kai a 2001 da 2022. A kafa turakun siminti masu jan fenti a layin. Abin da ke ƙasan layin, noma kawai. Manomi ya fi kowace taswira sanin inda ruwa ke kwana.

29/ NA BIYU: a auna gangare. Mai awo ya zo da na'urarsa ya fitar da inda ya fi tudu da inda ya fi kwari, a zana a takarda. Ido yana ruɗi. Bambancin rabin mita a tsawon unguwa ba ka ganinsa da rani, amma shi ke raba wanda zai yi barci da wanda zai kwana yana kwarfa.

30/ NA UKU: hanyar ruwa ta asali ba ta sayarwa ba ce. Duk kwarin da ruwa ya saba bi a bar shi a buɗe, da sarari hagu da dama, a rubuta shi a matsayin na jama'a. Lunguna su bi gangaren ƙasa, su zuba a cikinsa. Ba a yanka fuloti a kansa a ce mai saye "ya yi dabara".

31/ NA HUƊU: kowace kwata ta san inda za ta. Mun sha ganin kwata mai kyau ta siminti, ta yi mita 200, ta ƙare a bayan katangar wani bawan Allah. Dole takardar yanka ta nuna mafita ta ƙarshe: rafi, ko babban lambatu, ko matarar ruwa. In babu mafita, babu izini.

32/ NA BIYAR, kuma shi ne zuciyar maganar: sabuwar unguwa kar ta turo wa na ƙasa ruwan da ya fi wanda gonar ke turowa a da. A Ingila da Amurka da wannan ƙa'idar ake ba masu gina rukunin gidaje izini a wurare da yawa. Ƙarin da ka haifar, kai za ka riƙe shi a cikin filinka.

33/ Ta yaya? Mu koma lissafinmu. Ƙarin tanka 36 ɗin nan lita miliyan 1.2 ne. Fili mai zurfin rabin mita kacal, mai faɗin fuloti 10, zai riƙe shi. A yi shi a mafi kwarin unguwar, da ƙaramin bututun da zai riƙa sakin ruwan sannu a hankali.

34/ Na san abin da za ku ce: kududdufi yana cin yara, yana tara sauro da shara. Haka ne, in rami ne mai zurfi da aka yi watsi da shi. Wannan kuwa mai faɗi ne marar zurfi, bakinsa a kwance, yana tsanewa cikin kwana 2 zuwa 3. Sauro na buƙatar kusan mako kafin ya tashi daga ƙwai.

35/ Sauran watannin shekara kuma fili ne a bushe: yara su buga ƙwallo, a yi taron biki, a shanya amfanin gona. Unguwannin awon igiya dama ba su da ko filin da za a yi jana'iza a sake. Holan, ƙasar da ta yi suna wajen gina ganuwar ruwa, ita ma daga baya komawa ta yi tana ba koguna sarari.

36/ NA SHIDA: tsayi ɗaya ga kowa. A kafa alama a unguwa da ke nuna tsayin lungu da tsayin daɓen gida, daɓe ya ɗara lungu, lungu ya ɗara kwata. Kowa ya bi wannan. Shi zai kashe gasar ciko. Kuma a bar wani ɓangare na tsakar gida ba siminti, ƙasa ta samu abin sha.

37/ NA BAKWAI: kwalbati daidai ruwan gobe. Titin da aka ɗaga da marmara, in kwalbatinsa ƙarami ne, madatsa ce aka gina ba a sani ba. A auna shi da ruwan da unguwa za ta turo in ta cika da gidaje. Kuma a faɗi wanda zai riƙa yashe shi kafin kowace damina, da sunansa.

38/ Kar a raina maganar ruwan da ya taru a bayan abin da ya tare shi. Maiduguri ta gani a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mokwa ta gani a Mayun 2025, cikin 'yan sa'o'i aka rasa mutum sama da 150. Namu ƙanana ne a kan waɗannan, amma halin ruwa ɗaya ne ko'ina.

39/ Yanzu ƙorafi mafi ƙarfi, kuma ba na raina shi: "Wannan zai sa fili ya yi tsada, talaka ya rasa." Awon igiya ya yaɗu ne don shi talaka ke iya saya, har a kan biya kaɗan-kaɗan. Fulotin gwamnati kuwa sau nawa ya zo hannun mai facin taya? Wannan gaskiya ce.

40/ Amma mu lissafa. Cikin fuloti 200 an cire 15, goma na matarar ruwa, biyar na babbar hanyarsa. Saura 185. Don mai gona ya samu kuɗinsa cif, kowane fuloti zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. A ce na miliyan 1 ne, ya koma miliyan 1 da dubu 80 da 'yan kai.

41/ Ƙara kuɗin haƙa kwata a kai. Ba dole sai ta kankare tun farko ba, ta ƙasa mai faɗi da aka daɓe bakinta da dutse tana aiki. Yanzu kwatanta da kuɗin tifofin ciko, da sake ɗaga katangar da ta faɗi, da buhunan hatsin da suka jiƙe, da asibiti. Wanne ne mai tsadar?

42/ Talaka yana biyan kuɗin magudanar ruwa ko an gina ko ba a gina ba. In an gina, ya biya sau ɗaya, an raba da mutum 185. In ba a gina ba, ya biya duk shekara, shi kaɗai. Mai kuɗi ya cike nasa ya huta. Rashin doka a nan mai ƙarfi yake yi wa aiki.

43/ Ƙorafi na biyu: "Da an ce doka, sai ta zama hanyar karɓar na goro da ƙwace gonakin mutane." Wannan tsoron ma yana da tushe. Maganinsa sharuɗɗan su zama gajeru, a rubuce da Hausa, a manne a sakatariya da ƙofar hakimi, da kuɗin da za a biya da kwanakin da za a jira.

44/ Kuma wanda gonarsa ta faɗa ƙasan jan layi, gonarsa tana nan a hannunsa, ya noma, ya sayar a matsayin gona, ya bar wa magada. Abin da aka hana shi ne ya sayar wa wani ita da sunan wurin kwana. In hukuma na son wurin don babban lambatu, ta biya diyya kamar yadda doka ta ce.

45/ Ƙorafi na uku: "Ambaliya ƙaddara ce." Ruwan sama daga Allah yake, babu musu. Amma toshe kwari da bulo aikin hannunmu ne. Kuma ku tambayi malamanku hukuncin wanda ya san aibin kaya ya ɓoye wa mai saye. Filin da ka san yana kwanciyar ruwa ka sayar da rani ka yi shiru, mene ne sunansa?

46/ Wa zai aiwatar? Doka tana nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidarsa. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa har a matakin ƙaramar hukuma, da neman izini kafin a raya fili.

47/ A jiha muna da KNUPDA da KANGIS da ma'aikatar ƙasa. NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, NIHSA na fitar da na ambaliya. SEMA na zuwa da tabarma da buhun shinkafa bayan an yi ɓarna, mun gode. Amma ranar da ake ja igiya a gona, a cikinsu wa ke wurin?

48/ Wanda ke wurin shi ne mai unguwa da dagaci. Babu cinikin filin da ke tsayawa ba da sa hannunsu ba. Don haka mabuɗin yana hannun masarauta. Allah ya ja zamanin Sarki, umarni ɗaya ya isa: kar wani dagaci ya sa hannu a sabon yanka sai ya ga takardar hanyar ruwa, ya taka wurin da ƙafarsa.

49/ Iyayenmu hakimai da dagatai, ranku ya daɗe, ku ake tasa da tsakar dare in katanga ta faɗi, ku ke raba rigimar kwata. La'adar yanka ɗaya ba ta kai wannan wahalar ba. Ku kuka san kowane kwari da sunansa, tun daga Kademi har Toranke. Ku sa wannan sanin a takarda.

50/ Shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi: ba ku da injiniyoyi isassu, mun sani. Amma jami'ar Aliko Dangote tana nan Wudil, tafiyar 'yan mintuna. A haɗa kai da malamai da ɗalibanta su auna gangaren gefen garuruwanmu, a fitar da taswira ɗaya, a rataye inda kowa zai gani.

51/ 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya: kwatar da ake ginawa a aikin mazaɓa tana da amfani in ta san mafitarta. Amma dokar da za ta hana a ƙirƙiri sabuwar unguwa marar hanyar ruwa ta fi kwata ɗari. Ba a yanka mata kyalle, ba a ɗaukar hoto da ita, shi ya sa ba ta da farin jini.

52/ Kafin su motsa, kai mai shirin saye kare kanka. Kar ka biya sai ka ga filin a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba za ka iya jira ba, tambayi manomin gefe me ake shukawa a wurin. In ya ce shinkafa, ka samu amsarka. Gero ba ya son ƙafarsa a ruwa, kai ma haka.

53/ Duba ƙasar: baƙar laka mai tsagewa da rani alamar makwancin ruwa ce. Duba katangun kusa ko akwai zanen da ruwa ya bari. Duba titi, ya fi filin tudu? Sannan ka ce wa dillali ya taka da kai har inda ruwan lungun ke ƙarewa. In ya fara "ai gwamnati za ta yi", riƙe kuɗinka.

54/ Mata, ku ma da ku nake. Da yawa kuɗin gado ko na adashi ko na sayar da dabba kuke tarawa ku sayi fili, a aiko muku da hoto a WhatsApp ku ce Allah ya sa albarka. Ku tura ɗan'uwan da kuka yarda da shi da waɗannan tambayoyin. Hoton rani ba ya nuna damina.

55/ Dillalai, ba gaba nake da ku ba, sana'a ce kuma ana buƙatarku. Unguwar da ba ta kwanciyar ruwa da kanta take tallan kanta, fulotinta na gaba ya fi daraja. Na farkon da ya fara nuna wa masu saye taswirar hanyar ruwa a Gaya, wallahi sai ya rasa inda zai sa kwastoma.

56/ Buƙatar dai ɗaya ce: daga wannan ranin, kar a sa hannu a sabon yanka a Gaya da Ajingi sai an ga inda ruwansa zai bi da inda zai kwana. Ku tura wa kansilanku da mai unguwarku. Wanda unguwarsu ke kwanciyar ruwa ya faɗa mana sunanta a ƙasa, mu tattara. Allah ya ba mu damina mai albarka.